Ɗinkin Sallah ba tare da kwana a kan keke ba: jagora ga tela

Daren 28 ga azumi ne, wajen ƙarfe uku. Na shimfiɗa farar shadda a kan tebur, ta wani bawan Allah da ya shekara shida yana kawo mini ɗinki. Na zana da alli, na sa almakashi, na yanka gaba da baya. Sai da na zo fitar da hannu idona ya koma kan littafi, na ga awon da na bi na mutumin da ke shafin kusa da nasa ne, wanda bai kai shi tsawo ba da kusan inci huɗu. Abin da almakashi ya raba kuwa ba ya komawa. Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki. Da gari ya waye na shiga Kantin Kwari da azumi a bakina ina bin shaguna da ƙyalle a hannu, har na samu irinta, na biya kuɗin da ya cinye ribar kala goma. Mai kayan ya karɓa ranar jajibere da daddare. Bai ce mini komai ba, bai kuma sake dawowa ba.

A shekarar na karɓi sama da kala 100, ni da yaro ɗaya. Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin wuta, da yara, da masu kawo kaya a makare, kuma kowannensu yana da nasa kason. Amma da na zauna na yi wa kaina gaskiya, sai na ga cewa lokacin tela a bakin ƙofa yake lalacewa, a daidai lokacin da aka miƙo masa leda ya sa hannu ya karɓa alhali ya san littafinsa ya cika. Duk abin da ya biyo baya, kwana a shago, ɓoye wa waya, ciwon baya, faɗa da iyali, daga wannan karɓar ya samo asali. Matakan da zan kawo su ne na bi har na daina irin wancan daren. Ga telan maza na fi sanin abin, amma mai ɗinkin mata da duk mai sana'ar da aiki ke taruwar masa a kaka ɗaya zai ga kansa a ciki.

Matakin farko: ka auna kanka

Kullum tef yana wuyanmu muna auna mutane, amma da wuya ka samu telan da ya taɓa auna aikinsa. Tambayi ɗan'uwa kala nawa yake ɗinkawa a yini, zai ce biyar. Gaskiya ne ya taɓa yin biyar, ranar da wuta ta wuni, babu wanda ya zo gwaji, zare bai tsinke ba. Matsalar ita ce da wannan ranar guda ɗaya yake lissafin watan gaba ɗaya.

Ka ware mako guda a Rajab ko farkon Sha'aban. Ka ajiye takarda kusa da keke, duk kayan da ka fara ka rubuta lokaci, in ka gama ka rubuta. Gamawa kuwa tana nufin an yanka, an haɗa, an yi kalmasa, an sa maɓalli, an cire zare, an goge, an ninke an sa a leda. A ƙarshen mako ka tara abin da ya fita daga shagon ka raba da kwanakin da ka yi aiki. Lambar da ta fito ita ce kai. Ni da na yi, uku na samu, ba biyar ba, kuma raina bai so ba.

Sannan ka ba kowane irin ɗinki nauyinsa. A shagona kaftani da wando marar aiki ɗaya ne. Babbar riga da 'yar ciki da wando uku ne. Kayan yara, kada a yaudare ka da ƙanƙantarsu ka lissafa su rabi: wuyan rigar yaro da aljihunsa sun fi na babba cin rai, don haka nauyin kala ɗaya cur nake ba su. Mai ɗinkin mata ta fi ni sanin cewa doguwar rigar leshi mai shafi da duwatsu ba sa'ar riga da zani na atamfa ba ce.

Mataki na biyu: kwanakin da kake da su da gaske

Kada ka taɓa lissafi da kwana 30. Watan azumi 29 ne ko 30, kuma ba za ka sani ba sai daren da aka ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Telan da ya jingina da rana ta talatin ya jingina da abin da ba a hannunsa yake ba. Ka ɗauka 29 ne, in Allah ya ƙara kwana ɗaya, ka samu na hutu.

Daga 29 ɗin ka cire ukun ƙarshe. Waɗannan na gyara ne, da guga, da miƙa kaya, ba a yanka sabon yadi a cikinsu. Saura 26. Ranakun Juma'a rabin aiki ake yi, ka cire 2, saura 24. Goman ƙarshe kana son ka samu tahajjud, aikin dare zai ragu, ka cire wasu 2, saura 22. Sai kuma abin da ba ka shirya masa ba amma ka san zai zo: keke ya lalace, janareto ya ƙi tashi, zazzaɓi ya kwantar da kai ko yaron shago, a yi rasuwa a unguwa ka wuni wurin jana'iza da zaman makoki. Ban taɓa ganin azumin da ɗaya daga cikin waɗannan bai faru ba. Ka cire 4. Saura kwana 18.

In uku kake yi a yini, abin da za ka iya ɗauka a azumi 54 ne. Na san abin da za ka ce: da me za a ci abinci? Amsar tana cikin Sha'aban. Duk kalar da kake son ƙarawa a kan 54, a Sha'aban za ka nemo mata wuri, lokacin da kake da ƙarfi, kana shan ruwa da rana, kasuwa ba ta cushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga 54 ɗin ma ka ɓoye gurbi shida. Akwai mutanen da ba za ka iya mayar musu da kaya ba ko da ranar 25 suka kawo: surukinka, limamin unguwa, mai shagon da kake haya, ƙanin mahaifinka. Tun da ka san za su zo, ka tanadar musu wuri tun farko, maimakon su zo su hau kan alkawarin wasu.

Mataki na uku: littafi, da ranar rufe shi

Ka sayi littafi mai ƙwari na Sallah kaɗai. Ka jera lambobi daga 1 zuwa inda lissafinka ya tsaya, ka ja layi mai kauri a ƙarƙashin ta ƙarshe. Kowane shafi mutum ɗaya: suna, lambar waya, awo, irin ɗinkin, kafin alƙalamin da ya bayar, cikon da ya rage. Ka yanki ɗan ƙyallen yadinsa ka maƙala a shafin, ka kuma rubuta lambar shafin da alli a bayan yadin. Da ina yin haka a waccan shekarar, da ko ido a rufe ban haɗa awon wani da shaddar wani ba.

Kowane kaya rana biyu gare shi. Akwai wadda za ka gama, ita ce a littafi. Akwai wadda za ka faɗa wa mai kaya, ita kuma bayan waccan da kwana uku. Wannan ba ƙarya ba ce, ka bar wa kanka wurin numfashi ne. Mutumin da aka ce ya zo Alhamis aka kira shi Talata aka ce kayansa sun kammala, ya zama mai tallata ka kyauta.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Lamba ta cika, sai ga Alhaji ya faka mota ya fito da leda.

"Malam, ga wannan, kala biyu ne kawai."

"Alhaji, barka da zuwa. Allah ya ba ka haƙuri, littafin Sallah ya cika tun shekaranjiya."

"Haba dai! Ni ne fa. Ka ɗan matsa ka saka ni, ko nawa ne zan ƙara."

"Don kai ne ma ba zan karɓa ba, Alhaji. In na karɓa, ko dai in ɓata maka shadda da gaggawa, ko in bar ka da jira ranar idi. Zaɓi biyu gare ni: in ɗinka maka bayan Sallah da kwana biyar, in zauna in yi maka aikin da ka san ni da shi, ko in haɗa ka da wani ɗan'uwa a layin baya wanda na yarda da hannunsa, yana da sauran wuri."

Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau. Sai dai a wannan sana'ar kara ta minti biyu ita take haifar da kunyar da ta fi ta girma, ranar da mutumin zai tsaya a ƙofar shago da 'ya'yansa, kai kuma kana cewa "saura kaɗan" alhali ko yankawa ba a yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma mu da muke azumi muna neman lada, mun san hadisin da ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci. Ba ƙaramin abu ba ne a ce sunan sana'armu ya zama abin misali wajen saɓa alkawari, har wasu rigingimun su kai gaban hukuma. Na lura da wani abu kuma: yawancin waɗanda na mayar wa da kaya cikin mutunci, shekara ta gaba tun Sha'aban suke kawowa.

Ka yi hankali da kafin alƙalami. Kuɗi ne mai daɗin karɓa, amma igiya ce. Da zarar ka kashe shi a cefanen azumi, ba ka da bakin mayar da kaya ko da ka ga ba za ka iya ba. Ka taɓa shi a kan zare da shafi da kuɗin mai aiki na wannan kayan kawai, sauran ka bar shi har kayan su fita. In kana son ƙarin samu, ka ƙara kuɗin ɗinki ga wanda ya kawo bayan 10 ga azumi, ka faɗa masa tun farko. Ƙarin farashi yana kawo riba, ƙarin lamba kuwa fetur yake ci, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai janareto ya san abin da awa ɗaya ta dare take laƙumewa.

Mataki na huɗu: abubuwan da Sha'aban zai ɗauke maka

Ka kira mai gyara ya yi wa kekuna sabis, ka sayi allurai da man keke da zaren launukan da aka fi kawowa da yawa, ka duba janareto da dutsen guga. Ka tura wa tsofaffin kwastomominka saƙo ɗaya a WhatsApp cewa ka fara karɓar ɗinkin Sallah, za ka rufe in lamba ta cika. Yaron da kake son ya riƙa yi maka kalmasa ko haɗa wando, yanzu ne lokacin koya masa, azumi ba lokacin koyarwa ba ne.

Sannan ka ɗinka kayan gidanka kafin na kowa. Abin da ya fi yi mini ciwo a shekarun baya, fiye da shaddar da na ɓata, shi ne safiyar da ɗana ya tafi idi da rigar bara, hannunta ya ɗage masa, yadinsa kuma yana ninke a ƙarƙashin tebur a shago. Yanzu lamba ta 1 zuwa ta 5 a littafina na gida ne, kuma kafin a ga watan azumi suna cikin akwati.

Mataki na biyar: aiki rukuni-rukuni

Ɗaukar kaya ɗaya daga yanka har guga kafin a taɓa na biyu yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Kowane tashi daga keke zuwa tebur, kowane canjin zare, kowane kunna dutsen guga, minti ne yake zubewa. Ka yanka na kwana biyu a zama ɗaya, kowanne ka ɗaure shi da lambarsa. Ka tara masu launi ɗaya: farare yau, masu ruwan toka da shuɗi gobe. Guga a yi ta sau ɗaya a yini.

Abin da za ka fara yankawa shi ne duk wanda zai bar shagonka ya je hannun wani: mai aikin wuya, na hannu ko na kwamfuta, da masu bugu. Nan ne maƙogwaron aikin. Duk telolin gari wurinsu suke kai kaya, kuma daga tsakiyar azumi layinsu ya fi naka tsawo. Rigar da ka kai ranar 3 za ta dawo cikin kwanaki kaɗan, wadda ka kai ranar 20 sai addu'a. Don haka manyan riguna da masu aiki su fita a goman farko, kaftanai marasa aiki da wanduna su biyo baya. Kada ka bi tsarin wanda ya fi damunka da waya, ka bi tsarin wanda ya fi doguwar hanya.

Wuta kuma, ka raba aikinka gida biyu a ranka: mai buƙatar lantarki da wanda ba ya buƙata. In an kawo, kowa ya hau keke da guga. In an ɗauke, a koma yanka, sa maɓalli, cire zare, ninki. Keken ƙafa guda ɗaya mai lafiya a kusurwar shago yana ceton rana.

Mataki na shida: yadda yini zai kasance

Salloli biyar sun riga sun yanka mana yini, abin da ya rage a san abin da za a zuba a kowane yanki. Ga yadda nake yi da azumi, sai ka daidaita da lokacin alfijir na garinku.

Bayan Asuba, da gari ya yi haske, wajen shida da rabi ina shago. Daga nan zuwa sha ɗaya da rabi shi ne zinariyar yini: sahur yana jiki, gari da sanyi, hasken rana ya fi kowace fitila nuna layin alli da bambancin launi, kuma babu mai zuwa. Duk aikin da kuskure a cikinsa yake da tsada, wato yanka, wuya, aljihu, a nan nake yin sa. Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Ghamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. Mu kuwa da yawanmu mun juya abin: mu raba dare a kan keke, mu yi barci har hantsi ya wuce, mu farka cikin zafin rana jiki a mace.

Sha ɗaya da rabi nake rufe ƙofa in kwanta har kiran Azahar. Wannan ƙailular cikin aikin take, kuma yaran shago ma haka nake sa su yi. A shekarun da azumi ya faɗo a Maris da Afrilu, zafin Kano yakan kai digiri 40, babu wani aikin kirki da mai azumi zai yi da tsakar rana wanda ba zai sake warware shi ba. Bayan Azahar zuwa La'asar aiki mai sauƙi: ɗinkin miƙe, kalmasa, maɓalli. Daga La'asar zuwa biyar da rabi lokacin jama'a ne, masu gwaji da masu karɓa. Sai in rufe in tafi gida in sha ruwa da iyalina. Bayan asham ina komawa awa biyu, daga tara zuwa sha ɗaya, kuma doka ɗaya ce ba na karya ta: almakashi ba ya taɓa sabon yadi da daddare. Sha ɗaya da rabi ina kwance, huɗu da rabi na tashi sahur.

In ka tara, barci awa bakwai ne, biyar da dare biyu da rana, kuma bakwai ɗin ita ce mafi ƙarancin abin da likitoci suke cewa baligi yana buƙata. Aiki kuwa kusan awa goma. Wannan ma da yawa ne, wata ɗaya jiki zai iya ɗauka, ba abin da za a mayar rayuwa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka rasu ta wannan hanya a 2016. Ka tuna manyan telolin da ka sani waɗanda hawan jini ya zaunar, sannan ka sake duba lambar.

Waya da majalisa

Ka faɗa wa kowa tun ranar karɓar kaya cewa kana ɗaga waya bayan La'asar. Da safe ka sa ta a aljihun rigar da ka rataye, iyali kawai su san lambar yaron shago saboda larura. Abokan da suke zama a benci suna hira, ba sai an yi faɗa ba: ka ce musu, "Don Allah 'yan'uwa, a ba ni aron safiya har bayan Sallah." Mai ƙaunarka zai fahimta.

Mataki na bakwai: ka saurari jikinka

Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake wankewa. Akwai kuma wadda za ka kwana ka tashi tana nan, ka ga leda a hannun mutum gabanka ya faɗi, ka ji ka tsani ƙarar keken da ka yi shekaru kana ƙauna, ka riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗinkin da kake yi cikin awa biyu ya koma cin huɗu kuma bai yi kyau ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali a kundinta, ta ce yana tasowa ne daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin zuciya ta fita daga aikin, da raguwar ƙwarewa. Mu a shago mukan ce wane ya zama malalaci, ko hannunsa ya lalace. Sau da yawa ba lalaci ba ne, rijiyar ce aka yi ta ja ba a bar ta ta taru ba.

In ka ga biyu daga cikin waɗannan a kanka, ka rufe shago yini ɗaya cur, daga cikin kwana huɗun nan da ka ware. Za ka ji kamar asara ce, amma yinin da ka huta ya fi arha a kan shaddar da za ka ɓata ko allurar keken lantarki da za ta bi ta farcenka saboda gyangyaɗi, abin da na gani da idona a hannun wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai a shagon maƙwabcina. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi a kansa, matarsa tana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga ɗinki?

Maganar ƙwaya dole in yi ta a fili, don a shagunanmu take shiga, a irin waɗannan dararen. Wani zai ce maka ka sha tramadol ɗaya, za ka kwana kana aiki ba ka ji komai ba. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai aka toshe. Ƙwayar tana kama mutum har ya kasa aiki sai da ita, kuma in ta yi yawa tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Yara da yawa da ɗinkin Sallah suka fara, Sallah ta wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. In kai ne maigidan shago, nauyin yana kanka: aikin da ba zai yiwu ba sai da ƙwaya, kai ne ka karɓo shi. Shayi mai kauri da Nescafé da goro da lemukan ƙara kuzari ba su kai nan ba, amma sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ka sha ƙarfe goma shi ne zai hana ka barci ƙarfe ɗaya. In za ka sha, ka sha da buɗa-baki. Ruwa kuma ka riƙa kurɓa daga Magariba har sahur, kada ka tara shi a zama ɗaya.

Janareto waje, nesa da ƙofa da taga, ko da kana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana sa barci, mutum ya wuce daga nan. Dutsen guga na gawayi ma kada a hura shi a rufaffen shago. Duk bayan minti 20 ka ɗaga ido daga allura ka kalli nesa na ɗan lokaci, duk awa ka miƙe ka taka. Kafin azumi ka je a gwada maka jini, musamman in ka haura arba'in, mai ciwon suga kuma ya ga likita kafin ya haɗa azumi da irin wannan aikin.

Ga 'yan'uwa mata masu ɗinki a gida

Hajiya, lissafinki ba irin nawa ba ne. Ni in na rufe shago na tarar da abinci, ke kuwa daga La'asar kina madafa, ke ce ta farkon tashi sahur, ga yara. Awannin ɗinkinki na gaskiya ba su wuce na safiya da ɗan abin da ya samu bayan asham ba, don haka da su za ki yi lissafi, ko da lambar ta fito 20. Ki zauna da maigida da manyan yara tun Sha'aban a raba aikin gida, a yi tanadin abin da zai ajiyu kamar garin kunu da niƙan kayan miya. Maƙwabta da dangi sun fi samun hanyar shigo miki har ɗaki da leda, saboda haka ke kin fi ni buƙatar layin nan mai kauri a littafi.

In ka riga ka makara

Wataƙila kana karanta wannan azumi ya yi nisa, kaya sun taru har rufi. Ranar 20 ka dakatar da keke na awa ɗaya. Ka ƙirga abin da ya rage da nauyinsa, ka ninka lambarka ta yini da kwanakin da suka rage kafin 27. Abin da ya haura, ba zai ɗinku ba, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Ka fara da masu kala da yawa: mai kala huɗu ka kira shi ka ce biyu za su samu kafin idi, biyu bayan Sallah, ya zaɓi waɗanda yake so. Na yara ka sa su gaba, domin babba yana da abin sawa a akwati, yaro kuwa shekara guda yake jiran wannan safiyar. Abin da har yanzu ya rage, ko ka ba wani tela da izinin mai kaya, ko ka mayar da yadi da kuɗi yau ɗin nan. Wanda aka mayar wa da kayansa ranar 20 zai ji haushi, amma yana da kwana tara na neman mafita. Wanda aka ɓoye wa waya har jajibere ba shi da komai.

Bayan Sallah

Ka rufe shago aƙalla kwana huɗu. Ka je idi da ƙafarka, ka kai yara kallon hawa, ka gaida dangi, ka sallami yaran shago da haƙƙinsu da goron Sallah su ma su tafi gida. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne kawai, ga bukukuwan aure da suke biyo bayan azumi, jikin da bai huta yanzu ba da bashi zai shiga wancan zagayen.

Ranar da ka buɗe, kafin ka karɓi yadin kowa, ka ɗauko littafin ka bi shi shafi-shafi. Kala nawa suka fita a ranar da ka faɗa, nawa suka makara, wane irin ɗinki ne ya ci lokaci fiye da nauyin da ka ba shi, kwana nawa cikin huɗun nan ka taɓa, wane mai aikin wuya ne ya cika alkawari. In lambar bana ta yi maka yawa, ka rage ta. In ka gama da sauran kwana biyu a hannu kuma ka yi barcinka, ka ƙara kala uku ko huɗu, kada ka wuce haka. Sai ka buɗe sabon shafi, ka rubuta Babbar Sallah a sama, ka jera lambobin, ka ja layin.